Watan da mai ya rasa wurin kwana: wa ya ga Afrilun 2020 da idonsa?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya yarona ya zo mini da aikin da aka ba su a makaranta, wai a bayyana yadda farashin ɗanyen mai ya taɓa sauka ƙasa da sifiri. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ashe gefe ɗaya kawai na sani, wato daffon da nake tsara lodin tankoki. Tun da a nan muna da mutanen teku da na matata da na rijiya, na ce bari kowa ya kawo abin da idonsa ya gani a watan, gani ya kori ji.

Nawa dai ga shi. Kafin dokar kulle ta annobar korona, layin lodinmu ba ya hutawa, direba na fita wani na shiga. Mako biyu da kulle, takardun odar fetur suka koma 'yan tsiraru, amma na dizal ba su faɗi haka ba, saboda manyan motocin dakon kaya ba su daina tafiya ba. Abin da ya hana mu barci shi ne jirgin da aka yi odarsa tun kafin annoba. Ya iso a kan lokacinsa, ɗauke da fetur, alhali tankunan fetur ɗinmu sun cika har ƙararrawar gargaɗi na kuka. Haka ya tsaya a waje muna biyan kuɗin jinkiri kullum. A lokacin na gane cewa kwastoma na iya daina saye a rana ɗaya, amma abin da ke bayansa, jirgi da matata da rijiya, kowa sai ya gama tafiyar da ya ɗauko.

Ɗan Teku

Wa alaikumus salam Yaya. Jirgin da ya tsaya muku a waje ƙarami ne, ku zo ku ji namu. Ina injiniya na uku a ɗaya daga manyan jiragen nan masu ɗaukar ganga miliyan 2. Mun yi lodi a Tekun Fasha a farkon Afrilu, daidai lokacin da Saudiyya da Rasha ke rigimar farashi. In ba a manta ba, taronsu na Biyana ya watse ranar 6 ga Maris, sai Saudiyya ta karya farashi ta ce za ta kai ganga miliyan 12.3 kasuwa a kullum. To mu ne muka ɗauki wannan fushin a cikinmu.

Mun tashi da sunan gabashin Asiya. Kwana uku da tashi aka ce a rage gudu. Bayan mako aka sake ragewa. Daga ƙarshe aka ce a jefa anka a ruwan da ke kusa da Singafo a jira umarni. Da dare in na hau sama shan iska, fitilun jirage ne ta kowace kusurwa, sai ka ce gari aka kafa a kan ruwa. Duk irinmu ne, an mai da mu rumbu. Wata huɗu muka yi a wurin.

Mutum zai ɗauka jirgin da ke tsaye ba aiki. Akwai. Janareta ba ta mutuwa, tukunyar tururi na nan, dole a riƙa cika saman tankuna da iskar da ba ta kama wuta, in ba haka ba tururin ɗanyen mai ya haɗu da iskar shaƙa ku zama labari. Ga ruwan wajen da ɗumi, gansakuka da 'yan halittun nan masu manne suka kama gindin jirgi. Kwantiragina na wata shida ne, sai da na yi wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki kafin na taka ƙasa, saboda babu tashar da ke yarda a sauya ma'aikata. A shekarar an ce mun kai mutum 400,000 da suka maƙale haka a teku. 'Yata ta fara tafiya, a waya na gani.

Masu jiragen kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Hayar irin jirginmu ta haura dala 200,000 a rana a wasu kwanakin. Faɗuwar wani tashin wani.

Hajiya Mai Lissafi

Sannu Ɗan Teku, Allah Ya saka da alheri. Mu da ke ofis mu ne muke aika muku wannan umarnin na "a jira", ba tare da mun taɓa ganin fuskarku ba, ka yafe mana.

Baban Khalifa, ga amsar yaronka daga inda nake zaune. Ina sashen daidaita asusu a wani kamfanin cinikin mai. Abin da ya faɗi ƙasa da sifiri ranar 20 ga Afrilu ba duk man duniya ba ne. Takardar cinikin ɗanyen Amurka ce, wanda ake kira WTI, ta watan Mayu, kuma washegari 21 ga wata wa'adinta ke cika. Ƙa'idar takardar ita ce duk wanda wa'adi ya cika tana hannunsa, sai ya karɓi man da gaske, ganga 1,000 kan kowace takarda, a wani gari da ake kira Cushing a jihar Oklahoma. Garin a tsakiyar ƙasa yake, babu teku, bututu ne da tankuna, kuma sauran wurin da ke tankunan an riga an kama hayarsa. To wanda bai da tanki, ga mai na zuwa, me zai yi? Sai ya biya a raba shi da takardar. Aka rufe a dala 37.63 ƙasa da sifiri.

Brent, wato ma'aunin farashin ɗanyen mai na Tekun Arewa, bai yi haka ba, ya dai sauka ƙasa da dala 20, saboda shi da kuɗi ake warware takardarsa, kuma man teku ne, in tanki ya cika sai a nemo irin su Ɗan Teku.

Abin dariyar, a daren ina aiki daga gida, manhajarmu ta ƙi karɓar lambar. Duk wanda ya tsara ta bai taɓa kawowa a ransa farashi zai zo da alamar ragi ba, in na shigar sai ta ce kuskure. Kasuwar ta yi gargaɗi kwanaki kafin nan cewa hakan na iya faruwa, amma wa ya ɗauka da gaske? Da biro da takarda na yi lissafin har asuba, ina yi ina sakewa, don kwakwalwata ma ƙin yarda take cewa mai sayarwa ne ake bi bashi.

Mai Rijiya

Hajiya, na yarda da bayaninki amma kada yaron ya tafi da tunanin wasan takarda ne kawai. Ina aiki a filin Permian a yammacin Texas a lokacin. Masu sayen mai a bakin rijiya sun aiko da takarda cewa a rage abin da ake turowa, bututu ba zai karɓa ba. Wannan ba takardar kasuwa ba ce, bawul ne za ka je ka juya da hannunka.

Mutane na cewa me ya sa ba a rufe rijiyoyin ba tun farko. Rijiya ba famfon wanka ba ce. In ka rufe tsohuwa, ruwa na iya mamaye ta, kakin da ke cikin mai ya daskare a bututu, famfon da ke can ƙasa ya ƙi tashi in ka dawo. Ga bashi na banki, ga yarjejeniya da mai fili da ke cewa in ka daina haƙa haƙƙinka ya faɗi. Saboda haka kowa na jiran maƙwabcinsa ya fara rufewa. Na tuna ranar da aka ba ni jerin rijiyoyi da jan biro a gefen wasu, na yini a mota ina bi ɗaya bayan ɗaya. Wurin da kullum ƙarar injin ke cika kunne, sai ga shi ina jin iska na kaɗa ciyawa.

Amurka na haƙo kusan ganga miliyan 13 a rana a farkon shekarar, zuwa Mayu ta koma wajen miliyan 10. Injinan haƙa sababbin rijiyoyin mai sun sauka daga sama da 600 zuwa ƙasa da 200 a watan Agusta. Har hukumar da ke kula da mai a Texas, wadda sunanta na hukumar jiragen ƙasa ne ko da yake ta daɗe da barin harkar dogo, ta zauna a kan ko a ƙayyade wa kowa abin da zai haƙa kamar yadda OPEC ke yi. Suka yi ta muhawara, a watan Mayu suka watsar. Lokacin ma kasuwa ta riga ta yi musu aikin.

Tsohon Matata

Yara, kun yi ƙoƙari, amma duk kuna magana kamar mai abu ɗaya ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin sarrafa matata, wannan annobar ita ce ta raka ni ritaya, bari in faɗa muku inda gizo ke saƙar.

Ganga ɗaya lita 159 ce. In ka zuba ta a hasumiyar tacewa ka dafa, ba abin da kake so take ba ka ba, abin da ke cikinta take ba ka: iskar gas a sama, sai nafta da ake fetur da ita, sai kananzir wanda shi ne man jirgin sama, sai dizal, can ƙasa baƙin mai da kwalta. Kamar ka yanka dabba ne, ba za ka ce cinya kaɗai kake so ba, sai ka san yadda za ka yi da kai da ƙafa. Kana iya ɗan matsa iyaka, ka ƙara wannan ka rage wancan, amma kaɗan ne.

To a watan nan jiragen sama suka zauna, motocin gida suka zauna, manyan motoci da jiragen ruwa na tafiya. Ma'ana ana son dizal, ana son gas na girki, ana son nafta don masana'antar roba (takunkumin fuska da safar hannu da ledar ƙunshe kaya duk daga nan suke), amma ba a son kananzir, ba a son fetur. Kuma ba ka isa ka fitar da na farko ba tare da na biyun ya biyo shi ba.

Abin da muka yi, kuma kusan kowace matata ta yi, shi ne tura man jirgi cikin dizal. Amma da iyaka. Man jirgi na iya fara ba da tururin da ke kama wuta tun daga digiri 38, dizal ɗin Turai kuwa ƙa'idarsa sai sama da 55. In ka zuba da yawa, ɗakin gwaji ya dawo maka da tankin gaba ɗaya. Yana kuma rage wa dizal santsin da famfon injin ke buƙata. Na sha zama ƙarfe uku na dare ina jiran sakamakon gwaji kamar mai jiran haihuwa. Da muka yi ta yin haka, mu da sauran matatun duniya, sai dizal ɗin shi ma ya yi yawa, ribarsa ta mutu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai rage dahuwa. Hasumiya tana da iyakar da in ka sauke ta ƙasa da haka, ruwan da ke kan farantanta na ciki sai ya riƙa zubowa, rabuwar ta lalace, kananzir ya shiga dizal ba da izininka ba. Mun zauna a bakin wannan iyakar wata da watanni. Kashe matata kuma ba ƙaramin abu ba ne, tayar da ita ya fi haɗari, yawancin gobarar da na gani a rayuwata a lokacin kashewa ko tayarwa ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ba kowane ɗanye ya sha wahala iri ɗaya ba. Mai sauƙi marar farar wuta da yawa, irin na Afirka ta Yamma da Tekun Arewa da na su Mai Rijiya, shi ne ke ba da fetur da man jirgi da yawa. A da shi ne ɗan gata, a watan nan shi ne aka guda, jiragen Afirka ta Yamma da dama suka yi ta yawo babu mai saye. Da OPEC da ƙawayenta suka yanke ganga miliyan 9.7 a rana, yarjejeniyar 12 ga Afrilu da ta fara aiki a Mayu, yawancin abin da suka janye mai nauyi ne mai farar wuta. Kafin ka ce kwabo shi ya yi wuya, har ɗanyen Urals na Rasha da aka saba sayarwa da rangwame ya haura Brent a tsakiyar shekarar. Ban taɓa zaton zan ga haka ba.

Ɗan Hayidiran

Baba, Allah Ya ƙara lafiya, wannan kananzir da kuka rasa yadda za ku yi da shi, ragowarsa a hannunmu ya kwana. Ina cikin masu zuba wa jirage mai a wani babban filin jirgi. A ranar aiki sosai nakan shayar da jirgi goma sha wani abu. A Afrilu akwai ranar da jirgi ɗaya na yi, shi ma na kaya ne ya ɗauko magunguna. Zirga-zirgar fasinja a duniya ta faɗi da sama da kashi 90 cikin 100 a watan. An jera jirage a kan titin tashi, an toshe bakin injinansu da leda don kada tsuntsu ya yi sheƙa.

Man jirgi ba ya son zama. Raɓa na taruwa a gindin tanki, kuma a daidai inda ruwa ya haɗu da mai wasu ƙwayoyin halitta ke tsirowa, su yi baƙar dauɗa mai yauƙi da ke toshe matacin mai. Kullum da safe sai in ɗebo daga gindi a kwalba, in juya ta ta yi guguwa, in ɗaga wa haske. In na ga ɗigon ruwa ya zauna a ƙasa, a ci gaba da tsiyayewa. Bututun da ke ƙarƙashin filin ma sai mun riƙa zagaya da mai a ciki, ba don kowa na buƙata ba, don kada ya kwanta. Aiki ya ƙaru, ciniki babu. An sallami rabinmu, da abin ya dawo kuma aka rasa ƙwararrun hannu, saboda mutane sun kama wata sana'ar.

Hajiya Mai Lissafi

Baba Tsohon Matata, tambaya. A littattafanmu na ga Sin ce ta fara janye kayan da ke kan ruwa. Haka kuka gani?

Ɗan Teku

Kafin Baba ya zo, Hajiya, ni shaida ne. Su suka fara kulle, su suka fara buɗewa, suka tarar da mai a araha, suka yi ta kwasa. A watan Yuni sun shigo da kusan ganga miliyan 13 a rana, abin da ba su taɓa yi ba kafin nan. Namu kayan ma can ya ƙare. Amma da muka isa gaɓar Shandong sai muka tarar da wani sabon layin, makonni muna jiran wurin saukewa.

Tsohon Matata

Haka ne 'yata. Kuma abin bai tsaya a 2020 ba. Matatun da suka tsufa suka rasa riba, da yawa ba su sake tashi ba: Convent a Luwiziyana, Kwinana da Altona a Ostireliya, Marsden Point a Niyu Zilan. Sababbin kuma a wani wajen aka gina su, Jazan a Saudiyya, Al-Zour a Kuwait, manyan na Sin, sai ta Dangote mai ganga 650,000 a rana da ta fara aiki a 2024. Tsakanin rufe waɗancan da buɗe waɗannan aka samu rami. Da yaƙin Yukiren ya zo a 2022, Turai ta daina karɓar ɗanyen Rasha ta teku a Disamba, ta daina karɓar dizal ɗinta a Fabrairun 2023, sai ga dizal ɗin da muke rasa inda za mu zuba ya zama zinariya. Ina gida ina kallo, ina tuna tankunan da muka cika har baki.

Mai Rijiya

Ta ɓangaren rijiya an dawo, Baba, har an wuce. Amurka ta haura miliyan 13 a 2024, ga Gayana da ta fara haƙowa a Disamban 2019 ta zama abin lissafi, ga Burazil. Ɗanyen Midland da muke haƙa ma tun 2023 aka sa shi cikin kwandon da ake auna Brent da shi. Abin da nake shakka shi ne masu shan. Fetur a Amurka bai koma inda yake a 2019 ba, masu aiki daga gida sun yi yawa, motoci kuma sun rage sha.

Ɗan Hayidiran

Yaya Mai Rijiya, wannan ta wajenku ne. Mu yanzu ba ma samun lokacin zama, jirgi na bin jirgi, kuma ba a ƙera batirin da zai ɗaga fasinja ɗari uku ya ƙetare teku ba. Indiya ma shan fetur da dizal ɗinta hawa yake.

Hajiya Mai Lissafi

Ku duka kuna da gaskiya, yanki ne ya bambanta. A Sin kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu caji ne, wasu manyan motocinsu kuma sun koma gas, shi ya sa sababbin matatunsu ke karkata ga kayan roba maimakon fetur. Wato matsalar da Baba ya yi fama da ita a wata uku, ta a so wani sashen ganga a ƙi wani, ita ce ke zuwa a hankali cikin shekaru. Manhajarmu dai an gyara ta, yanzu tana karɓar alamar ragi.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya da ƙannena. Yaron ya karanta duka, ya ce amsar Hajiya zai rubuta don ita malaminsu ke nema, amma tambayarsa ga Ɗan Teku ce: man da ya yi wata huɗu a cikin jirgi, bai lalace ba?

Ɗan Teku

Ka gaishe shi, Yaya. Ɗanyen mai ya yi miliyoyin shekaru a ƙasa, wata huɗu ba za su dame shi ba. Sai dai mai nauyin ya kwanta a gindin tanki kamar laka, ɗan mai sauƙin kuma ya bi iska. Da muka zo saukewa sai da muka wanke tankunan da ɗanyen kansa, ana fesa shi da ƙarfi daga sama yana narkar da lakar, saukewar ta ɗauke mu fiye da yadda aka saba. Gindin jirgin ne ya fi shan wuya. Da muka ɗaga anka, injin na cin mai kamar da amma jirgin ya ƙi gudu, sai da aka kira masu nutso suka kankare shi kwana biyu. Sarƙar ankar ma da ta fito, ƙananan kaguwa ne maƙale a jikinta, kukunmu ya zo da bokiti.